Bikin motoci na Goodwood: me mutum zai gani in ya je da ƙafarsa?

Wani ƙanenmu da ke karatun digiri na biyu a Ingila ya aiko da tambaya kamar haka: "Yaya, a garejin babanmu na tashi, tun ina firamare nake wanke fulogi. Abokan karatuna sun dame ni da zancen bikin motoci na Goodwood. Tikitin da tsada ga ɗalibi. Me zan gani a can wanda babu shi a YouTube? Wace rana ta fi, kuma yaya mutum yake yi da salla da abinci?"

Ƙanena, ka je, ko sau ɗaya ne, kafin ka gama karatu ka tattara komatsanka. Sai dai in ka tafi da irin tunanin da na tafi da shi karon farko, za ka dawo kana ganin an ci maka kuɗi. Na daɗe ina aikin gwajin injina a tsakiyar Ingila, bikin nan kuma, da ake kira Festival of Speed, sau biyar ina halartarsa, don haka zauna in ba ka labari.

Ka fara cire tsere daga ranka. Wanda ya saba kallon Formula 1 a talabijin yana zaton zai ga motoci ashirin sun tashi tare suna rige-rigen shiga kwana. A Goodwood hanya ɗaya ce siririya, ainihin hanyar da ke ratsa harabar gidan wani basarake, tsawonta mil 1.16, wato kilomita 1.86, tana hawa tudu har ƙarshenta. Mota ɗaya ake saki, ta wuce, a ɗan jira, a saki ta bayanta. Yawancin direbobin ma ba a kama musu agogo. Abin da ya fi kama da shi a idona shi ne jafi ranar hawan salla: kowa ya fito da dokinsa mafi kyau, ya sako shi a guje, ya ja linzami a gaban sarki, ya jinjina, ya kauce wa na baya. Nan ma haka direban Formula 1 zai taho a fusace, ya taka birki a gaban gidan, ya yi ta juya motar a wuri ɗaya har hayaƙin taya ya rufe ta, ya ɗaga wa jama'a hannu, ya ƙara gaba.

Gidan na Duke na Richmond ne, a yankin West Sussex da ke kudancin Ingila, kusa da garin Chichester. Zuriyar tana riƙe da wurin tun 1697, kuma tun 1802 ake sukuwar dawaki a filinsu na kan tudu, ka ga kwatancen da na yi bai yi nisa ba. A Yaƙin Duniya na Biyu an yi sansanin jiragen yaƙi a cikin gonar. Da aka gama yaƙi, kakan mai gidan na yanzu ya mayar da titin da ya kewaye filin jirgin ya zama fagen tsere a 1948, aka yi ta gwabzawa a kai har 1966, lokacin da aka rufe shi saboda gudun motoci ya fi ƙarfin fagen. Jikansa Charles Gordon-Lennox, wanda a lokacin ake kira Lord March, ya so dawo da tsere a fagen amma izini bai samu ba, sai ya ce to bari ya yi a ƙofar gidansa. Haka aka fara a 1993, mutum wajen 25,000 suka zo, abin da ya fi ƙarfin tsammanin masu shiryawa. Yau kwana huɗu ake yi, Alhamis zuwa Lahadi, galibi a watan Yuli, wani lokaci ƙarshen Yuni, kuma mahalarta suna haura 200,000. Kada ka haɗa shi da ɗaya bikin nasu na watan Satumba, Revival, wanda ake yi a tsohon fagen tun 1998. Shi wannan tsere ne na gaske da tsofaffin motoci, kowa cikin suturar zamanin da.

Yanzu ga amsar tambayarka ta YouTube. Abin da kamara ba za ta ba ka ba yana cikin rumfunan da ake ajiye motocin kafin su fita. Sunan da Turawa ke kiran wurin, paddock, daga harkar dawaki suka aro shi, ni kuma barga nake ce masa. A gasar Formula 1, shiga irin wannan wuri sai mai uwa a gindin murhu ko mai kuɗin da ba ya jin ciwonsu. A Goodwood tikitinka na gama-gari ya ishe ka. Za ka tsaya taku ɗaya daga motar da ta ci gasar duniya, bonet a buɗe, bakanike a durƙushe, sifanu a zube kan tsumma. In za a fita da mota sai ka ji usur, ma'aikata masu farin kaya suna daga mutane gefe, a turo ta ta gabanka har zafin salansarta ya dake ka a ƙwauri.

Bari in ba ka abu ɗaya da na gani, don na san ɗan gareji zai gane shi. Wata safiya na tsaya kan wani dattijo, gashinsa fari fat, yana daidaita kafiretocin wata motar tsere ta shekarun 1960. Ba kwamfuta, ba na'ura. Guntun tiyo ne a hannunsa, baki ɗaya a kunnensa, ɗaya bakin yana kai shi maƙogwaron kowace kafireto yana sauraron yadda take shaƙar iska. In ya ji wata ta fi 'yan'uwanta huci sai ya murɗa sukuru kaɗan, ya sake saurare. Ya yi haka ya fi minti goma, injin yana ta tari yana kakari, har muryar ta daidaita ta zama ɗaya. Ya miƙe, ya goge hannu a gwiwar wandonsa, ya ga ina kallonsa, sai ya miƙo mini tiyon ya ce in ji. Wallahi na tuna da ogan da ya fara koya mini aiki, wanda yake ɗora sukundireba a kan injin, ya kara ƙotar a kunne, ya gaya maka wane bawul ne ke ƙara. Kanikawan nan suna son a tambaye su. In ka ga ba su cikin gaggawa, ka yi gaisuwa ka yi tambayar da ta nuna ka taɓa riƙe sifana, za su ba ka labari har ka gaji.

Ka nemi inda ake tayar da motocin Formula 1, musamman masu silinda goma na farkon shekarun 2000. Ba a murɗa musu makulli. Kafin a tayar, sai an jona musu tiyo ana zagaya ruwan zafi a cikin injin na ɗan lokaci, domin an ƙera sassan a matse ƙwarai, ta yadda in ƙarfen yana da sanyi fistin ba zai yi motsi yadda ya kamata ba. Sannan wani ya zura doguwar sanda mai ɗan injinta ta bayan giya ya juya injin daga waje. Idan ya kama, ba kunnenka kaɗai ke ji ba, haƙarƙarinka ma yana amsawa. Irin waɗannan injina suna kai juyi 19,000 a minti ɗaya, fiye da sau 300 ke nan a daƙiƙa guda. Babu lasifikar waya ko ta talabijin da za ta iya kawo maka wannan. Na ga ƙaton mutum ya toshe kunnuwa da yatsu yana dariya hawaye na zuba. Ka sayi abin toshe kunne na soso tun daga gida, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, kuma da gaske nake: aikina ya sa na san mutanen da kunnensu ke ƙugi dare da rana saboda sun raina wannan.

Sai kuma ƙamshi. Tsofaffin motoci da babura da yawa suna amfani da man injin da aka yi da 'ya'yan zurma, cika-gidan nan da ke fitowa a bayan gari ba wanda ya shuka shi. Yana jure zafi, yana manne wa ƙarfe, kuma in ya ƙone yana da wani ƙamshi mai ɗan zaƙi da ba za ka manta ba. Ka gauraya shi da warin taya da ta ƙone da ɗanyar ciyawar da dubban ƙafafu suka tattake, to ka san ka iso.

Akwai wata mota da nake addu'ar ka tarar an kawo ta shekarar da za ka je, Fiat S76, wadda ake wa laƙabi da dodon Turin. An ƙera ta a 1910 don neman kambun gudu. Silinda huɗu ne kacal, amma girman injin lita 28 ne da ɗoriya, wato silinda ɗaya ya haura lita 7, kusan injin Corolla huɗu a rami guda. Sarƙa ce ke juya tayoyin baya kamar keke. Ba ta da doguwar salansa, wasu gajerun bututu ne a gefen injin, wuta na fita ta cikinsu ɓaro-ɓaro kana gani da rana tsaka. Wani Bature mai suna Duncan Pittaway ne ya shafe shekaru yana haɗa ta bayan kusan ƙarni guda tana warwatse. Direban yana zaune can sama kamar mai tuƙa tarakta, in ta taho sai ka ji ƙasa tana girgiza da bugu ɗai-ɗai, kamar ana daka a turmi goma lokaci guda.

Mu koma kan hanyar. Ana fitar da motocin rukuni-rukuni, kowane rukuni sau ɗaya da safe, sau ɗaya da yamma, don haka in ka rasa na safe kana barga, za ka same shi anjima. Damman busasshen karan alkama ne jere a gefen kwalta, su ne katangar da ke tsakaninka da motar. Wurare uku nake so ka tsaya. Na farko layin tashi, ƙarƙashin bishiyoyi, inda za ka ga yadda kowane direba ke sakin kuloci, wani cikin ladabi, wani kuma ya bar baƙaƙen layuka biyu a kwalta. Na biyu kwanar Molecomb. Nan ne direbobi suka fi cin ƙasa, kuma dalilin a fili yake in ka tsaya ka lura: mota tana zuwa da cikakken gudu bayan ta wuce gaban gidan, hanyar tana da ɗan tozo da ke ɓoye kwanar, kwanar kuma ta hagu ce mai matsewa. Wanda ya jira sai ya ga kwanar kafin ya taka birki ya makara. Dole ya taka tun kafin tozon, ido bai gani ba, da sanin hanya kawai. Kusan kowace shekara sai wani ya shige cikin damman nan, kara ya tashi sama kamar ana sussuka, a tsayar da komai a zo a share. Na uku katangar dutsen ƙyastu da ke gaba, inda hanyar ke lanƙwasa a jikin bango cikin inuwa, madubin mota yana wuce dutse da tazarar tafin hannu.

Kada wasan ya sa ka manta cewa abin yana kisa. A 2000 wata tsohuwar motar Lotus ta ƙwace kusa da layin ƙarshe, direban ya mutu, ma'aikacin gefen hanya ɗaya ma ya mutu. In masu farin kaya suka ce ka ja baya, ka ja.

Masu neman lokaci da gaske su ne ke fafatawa ranar Lahadi da yamma, kuma tarihin wannan ya cancanci ka san shi kafin ka je. A 1999 Nick Heidfeld ya hau tudun da motar Formula 1 ta McLaren MP4/13 cikin daƙiƙa 41.6. In ka kalli bidiyon za ka ga motar tana tsalle tana wutsil-wutsil a hanyar da ba a yi ta don ita ba. Daga baya aka daina kama wa motocin Formula 1 agogo saboda haɗari, shi ya sa yau sai dai su yi wasan hayaƙi, kuma lambar Heidfeld ta zauna shekara ashirin ba wanda ya taɓa ta. A 2019 Romain Dumas ya yi 39.9 da Volkswagen ID.R mai lantarki a zagayen share fage. Sai 2022, Max Chilton ya zo da wata 'yar mitsitsiyar mota baƙa mai kujera ɗaya, McMurtry Spéirling, ya yi 39.08. In ka lissafa, matsakaicin gudunsa ya kai kilomita 170 a awa, daga tsaye, a hanyar da motoci biyu za su yi wahalar giftawa.

Sirrinta zai burge ka. Motar tsere tana manne wa ƙasa ne da fukafukai da aka kifa, irin na jirgin sama amma a juye, iska tana danna ta ƙasa. Matsalar ita ce dannawar tana bin gudu: in ka ninka gudu sau biyu, dannawa ta ninku sau huɗu, in kuma ka rage gudu don shiga matsattsiyar kwana, sai ta gudu ta bar ka daidai lokacin da kake buƙatarta. McMurtry fanka aka sa mata tana zuƙe iskar da ke ƙarƙashinta, kamar yadda ƙahon wanzami ke kama fata. Tun tana tsaye cik tana da dannawar kilo 2,000, ninkin nauyinta biyu. Saboda haka ba ta san bambancin kwana mai gudu da marar gudu ba. Dabarar ba sabuwa ba ce: Chaparral 2J ta gwada ta a Amurka a 1970, sannan Gordon Murray ya sa ta a Brabham BT46B, Niki Lauda ya ci gasar Suwidin da ita a 1978, daga nan ba ta sake shiga gasa ba. Lantarki ne ya dawo da ita, don fankar McMurtry tana da ɗan injinta na lantarki daban, ba ta dogara da juyin injin motar kamar ta Brabham ba. Ƙararta kamar jirgin sama zai tashi, tana watso ƙura ta baya, kuma idonka zai ce maka an ƙara wa bidiyo sauri ne alhali a gabanka abin ke faruwa.

Gaskiyar magana dai, fafatawar Lahadi ta fi daɗin kallo a waya. A gefen hanya daƙiƙa uku za ka ga kowace mota, saura a babban allo. Ana watsa ta kai tsaye a YouTube kyauta. Don haka ban ga dalilin da ɗalibi zai ƙara kuɗi ya sayi kujerar rumfar 'yan kallo ba. Na taɓa saya sau ɗaya, na zauna awa ɗaya, ƙafata ta yi ta ƙaiƙayin komawa barga.

Wurin da mafi yawan masu zuwa karon farko ke rasawa shi ne dajin da ke can saman tudu, inda motocin rali, wato masu tseren hanyoyin daji da tsakuwa, ke gudu. Tafiya ce mai ɗan nisa da hawa, akwai taraktoci masu jan tirela da ke ɗaukar mutane, amma layinsu kan yi tsawo, ni da ƙafa nake hawa ina tsayawa kallo a hanya. Ƙasar wurin alli ce fara. In an kwana biyu ba ruwa, ƙura za ta mayar da kai kamar wanda ya kwana a injin niƙa, in kuma an yi ruwa, santsi kamar an zuba kuɓewa. A nan ne za ka tsaya bayan igiya a cikin bishiyoyi, ka ji mota tana tahowa tun ba ka gan ta ba, ta ɓullo a karkace, tsakuwa na watsi, ta yi tsalle ta dira ta ɓace. Hannu Mikkola, ɗan ƙasar Finland da ya ci gasar rali ta duniya a 1983 da Audi Quattro, shi ya taimaka aka zana hanyar dajin. Ka gaya wa Baba wannan: Mikkola ɗin nan ya ci ralin Maroko a 1975 da Peugeot 504, kuma a shekarar ce wata 504 ɗin ta ci ralin Safari a Kenya, shekarar da aka fara haɗa Fijo a Kaduna. Motar da ya yi rayuwarsa yana kwance mata giya tana da tarihin da ya wuce jigilar fasinja daga Kano zuwa Jos. Akan kawo motocin ralin Dakar ma, irin waɗanda a shekarun 1980 suke ratsa Agadas da hamadar Tenere. A dajin mutane ba su da yawa, direbobi suna zaune a bakin motocinsu suna shan shayi, ba mai tsare su.

Sauran abubuwan zan bi ta kansu da sauri. A gaban gidan kowace shekara ana kafa wani dogon gini na ƙarfe da aka liƙa wa motoci na gaske can sama, aikin Gerry Judah tun 1997. Na 2014 na Mercedes ya yi baka ya tsallake rufin gidan gaba ɗaya. Ka ɗauki hoto ka wuce. Kamfanonin motoci suna gina rumfuna masu hawa biyu da uku suna tallar sababbin motoci, da layin mutane masu jiran su zauna a kujerar direba minti ɗaya. Wannan kam ka bar shi, za ka gan su a titi baɗi. Akwai filin motocin ƙawa na Cartier a kan ciyawa, ya cancanci rabin awa. Akwai gwanjon Bonhams, inda a 2013 aka sayar da Mercedes W196 da Juan Manuel Fangio ya tuƙa a 1954 kan fam miliyan 19.6, wannan ba layinmu ba ne ni da kai. Jiragen nuni na sojan saman Birtaniya, Red Arrows, sukan zo su yi wasa a sama, kowa ya ɗaga kai, kuma wannan ne lokacin da ya fi dacewa ka tsallaka gadar da ke kan hanyar, don a sauran lokuta cunkoson kanta sai ka yi haƙuri.

Batun rana. Ba a sayar da tikiti a ƙofa, sai ta intanet tun da wuri, kuma na Asabar da Lahadi su ke fara ƙarewa, watanni kafin bikin. Alhamis ta fi araha, ta fi sarari, sai dai manyan direbobi masu suna sun fi bayyana a ƙarshen mako. In burinka ka hango wani zakaran duniya yana ɗaga hannu daga barandar gidan, Asabar ko Lahadi ce taka, ka shirya kallon ƙeyar mutane. Kai da ka ce a gareji ka tashi, Alhamis nake ba ka shawara: kanikawa ba su gaji ba tukuna, ana ta kwance-kwance da gyare-gyare, kuma za ka iya durƙusawa ka leƙa ƙarƙashin mota ba wanda ya taka ka. Juma'a ma tana da kyau, amma za ka rasa jam'i. Ka duba rangwamen matasa a shafinsu ko shekarunka sun shiga.

Daga Landan jirgin ƙasa ne daga tashar Victoria zuwa Chichester, awa ɗaya da rabi ko sama da haka kaɗan, daga tashar kuma akwai bas-bas na musamman zuwa wurin bikin. Ka kula, jirgin yakan rabu biyu a hanya. Zuwana na farko na shiga taragon baya, na sa abin sauraro a kunne, ban ji sanarwa ba, sai ga ni a Bognor Regis ina kallon teku da sabon takalmi mai tsini a ƙafata. Kafin in gyara hanya in isa, sha ɗaya ta wuce, kafin la'asar kuma takalmin ya yi mini kanta biyu. Ranar ce na dawo ina cewa an ci mini kuɗi, alhali ni na ci kaina. In da mota za ku je, fakin na gama-gari kyauta ne a cikin gonaki, amma hanyoyin ƙauye ne sirara, wanda ya iso bayan tara zai sha zama a layi. Ana buɗe ƙofa wajen bakwai na safe, kuma zuwa da wuri ya fi zuwa da wuri-wuri: awa biyun farko, kafin jama'a su cika, su ne mafi daraja a yinin gaba ɗaya. Ka ɗauki hoton alamar layin da kuka ajiye mota, don da yamma gonakin duk kamarsu ɗaya.

Yanayi kuwa na Ingila ne, ka riga ka san halinsa. Ka tafi da rigar ruwa marar nauyi da hula, ko da gari ya waye tas. A 2023 an soke ranar Asabar ɗungurungum saboda gargaɗin iska mai ƙarfi, abin da ba a taɓa yi ba cikin shekara talatin na bikin. Takalmi kuwa wanda ƙafarka ta saba da shi, wanda ba ka jin tausayinsa.

Abinci ana barin mutum ya shiga da nasa, kuma shi ne mafita, don na ciki da tsada ga layi, ga naman alade a kusan kowace rumfa ta biyu. In dole ta kama, akwai kifi da dankali, amma ka tambaya ko da giya suka kwaɓa fulawar da aka soya kifin, don wasu haka suke yi. Giya tana yawo sosai a wurin, sai dai ban taɓa ganin rigima ba, taro ne na iyali, da tsofaffi da yara. Ni dambun nama nake zubawa a roba, da burodi, da dabino, da fulas ɗin shayi, da gorar ruwa da nake sake cikawa a famfunan da suka tanada.

Salla ba ta da wahala. A watan Yuli a kudancin Ingila azahar tana shiga bayan ƙarfe ɗaya kaɗan, la'asar bayan biyar, magariba kuwa sai tara ta gota, ka daɗe da barin wurin. Ka sa 'yar sallaya mai naɗewa a jaka. Alƙibla tana gabas maso kudu, wayarka za ta nuna maka. Ni nakan ja azahar ɗina har in hau sama wajen dajin, in yi alwala da gorata, in sami gindin bishiya nesa da igiya in shimfiɗa. Sau ɗaya ina cikin raka'a ta uku wata Quattro ta wuce ta ƙasa da ni tana harbin wuta ta salansa, tau-tau kamar bindigar 'yan tauri, har na rasa ko ta uku nake ko ta huɗu, sai da na yi ƙabli. Da na sallame na ga wani dattijo da jikarsa sun tsaya can gefe da kujerunsu na naɗewa a hannu, ashe jira suke in idar kafin su gifta ta gabana. Daga ranar nake ƙara matsawa ciki, bayan inda taraktoci ke juyawa.